Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Mun haddace wannan lamba kamar lambar wayar mahaifiyarmu, don mu ne muka sa kwamfuta ta fitar da ita. Mu uku ne, duk kimiyyar kwamfuta muka karanta, duk mun haura shekara talatin, kuma mun daɗe muna rubuta manhaja ga masu shirya tafiye-tafiye a Kano, irin waɗanda ke yanka wa jama'a tikitin Umara. Aikinmu shi ne idan mutum ya sa KAN a wannan gurbi, ya sa JED a wancan, wayarsa ta faɗa masa nisan tafiyar da kuma tsawon lokacin da za ta ci. Nisan bai taɓa ba mu wahala ba. Lokacin kuwa har gobe muna gardama a kansa.

Bari mu fara da mai sauƙin. Kowane filin jirgi a duniya yana da lambobi biyu da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Na Kano yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwich. Na Jidda yana dab da digiri 22 arewa, digiri 39 gabas. Idan aka ɗauki waɗannan lambobi huɗu, aka haɗa da nisan da ke tsakanin cibiyar duniya da bayanta, wato kilomita 6,371, sai a zuba su cikin wani lissafi da bai wuce layi biyar ba in an rubuta. Kafin ƙiftawar ido amsa ta fito. Abin da lissafin ke aunawa shi ne zare. A kifa ƙwarya, a kafa allura biyu a bayanta, a ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, ko da kuwa a taswirar bango za a gan ta kamar ta ɗan tanƙware.

Ranar da muka fara zana zaren a kan taswira, ɗaya daga cikinmu ya lura da wani abu. Zaren ya bar Kano ne yana fuskantar digiri 68 daga arewa, wato gabas amma ya karkata hagu da kusan digiri 22. Kusan daidai da alƙibla ke nan, tunda Makka ba ta da nisa da Jidda. Mu Hausawa “gabas” muke cewa in muna nufin alƙibla: a fuskanci gabas, a kwantar da mamaci fuskarsa na kallon gabas, wane ya tafi gabas. Ashe gabas ɗinmu ta ɗan jingina da arewa. Lissafin da manhajar alƙibla ke yi a wayar kowa shi ne dai wanda muke yi wa jirgi, kuma ba sabo ba ne. Shekara dubu da suka wuce Albiruni ya zauna ya auna girman duniya, ya lissafa alƙiblar birnin Gazna da irin wannan ilimi, ba kwamfuta ba tauraron ɗan adam. Mu dai kwafa muka yi muka liƙa.

To, sai lokaci. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. A raba 3,400 da 850, an sami awa huɗu cif. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga bakin ƙofa. Sai an tura shi baya, ya gangara zuwa titin tashi, ya jira izinin hasumiya, ya hau sama a hankali, can kuma ya sauko a hankali, wani lokaci ya yi ta kewaya gari yana jiran layi. Sannan ba ya bin zarenmu sak, yana bin hanyoyin da aka shata a sararin samaniya, daga wannan alama zuwa waccan. Ga kuma iska, wadda takan tura shi daga baya a wani yanayi, ta tare shi ta gaba a wani. Da aka tara duka, abin da ake rubutawa a tikiti a da yakan kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Amsa ta biyu ke nan, kuma tun ba a je ko'ina ba ta saɓa wa ta farko.

Amsa ta uku agogo ne ke kawo ta. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa huɗu da rabi a hanya, zai sauka Jidda da ƙarfe 4:30 na yamma agogon can. Wanda ya tashi daga Jidda da ƙarfe 10 na safe kuma zai sauka Kano da 12:30 na rana agogon nan. Duk wanda ya dubi takardar da ido zai ce zuwa awa shida da rabi ne, dawowa awa biyu da rabi. Mu a cikin manhaja ba ma ajiye lokacin kowane gari. Komai a agogon GMT muke ajiye shi, wanda kowane mai sauraron rediyo ya saba ji, sai an zo nuna wa mutum sannan mu mayar da shi agogon garinsu.

Akwai wata dattijuwa da ɗanta ya kawo ofishin ɗaya daga cikin waɗanda muke wa aiki, ranar muna can muna gyara musu na'ura. Ta sa aka karanta mata tikitin sau biyu, sannan ta juyo wajenmu ta ce, “'Yan samari, ku da kuka san kan abin nan, ya aka yi dawowa ta fi zuwa sauri haka?”

Muka ce, “Hajiya, agogonsu ne ya riga namu da awa biyu. Tafiyar duk ɗaya ce.”

Ta yi shiru kaɗan, ta ce, “Ku dai faɗi naku. Ni na san hanyar gida ba ta da nisa.”

Ba mu ja da ita ba, don ba da mu take gardama ba. Amma maganar ta zauna mana, saboda ta nuna mana cewa mai tambayar “awa nawa ne” ba koyaushe yake tambayar abin da muke aunawa ba. Ɗan kasuwa yana so ya san ko zai riski wani jirgin a gaba. Mai ciwon sukari yana lissafin lokacin allurarsa da abincinsa. Wanda zai raka tsohon da ƙafa ke kumbura yana so ya san tsawon zaman kujera. Mai niyyar Umara yana so ya san yaushe za a zo daidai miƙati, don ya kasance cikin haraminsa kafin nan. Waɗanda aka bari a gida kuwa abu guda suke nema: ƙarfe nawa ne ya kamata waya ta yi ƙara, kuma daga ƙarfe nawa ne shirun zai fara zama abin tsoro. Duk waɗannan mutane gurbi ɗaya suke dubawa a fuskar waya, mu kuma lamba ɗaya aka ce mu sa a ciki.

Akwai kuma lokacin da ba ya shiga tikiti sam. Ɗaya daga cikinmu ƙauyensu bai fi kilomita 150 daga Kano ba, amma da damina sai motar haya ta yi awa huɗu kafin ta iso Yankaba. Ke nan mahaifinsa yakan ci lokaci daga ƙofar gida zuwa birni daidai da wanda zai ci daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya. Sai zuwa filin jirgi awa uku ko huɗu kafin tashi, awon kaya, layin fasfo. In kuwa lokacin jigilar alhazai ne, kowa ya san zaman sansani: a kira maniyyata a ce gobe ne, su zo da jakunkuna da 'yan rakiya, goben ta zama jibi, jibi ta zama gata. Da hunturu hazo kan rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, balle ya ɗauki kowa. A can ma in an sauka akwai layin shige da fice, akwai jiran mota, akwai kusan kilomita 100 zuwa Makka. In aka lissafa daga sallama da iyali zuwa ganin Ka'aba, awa huɗu da rabin nan ta sama ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tafiyar, kuma ita kaɗai ce muke iya aunawa.

Aljihu ma yana da nasa agogon. Ba kullum ake samun jirgin da zai miƙe kai tsaye ba, in an samu kuma ba kowa ke iya kuɗinsa ba. Sai a bi ta Alƙahira: kilomita 3,100 daga Kano, sannan 1,200 zuwa Jidda, jimilla kusan 4,300. Ko a bi ta Adis Ababa: kusan 3,300 sannan 1,400, jimilla 4,700. Ƙarin kilomitocin ba su ne matsala ba, zaman jiran jirgi na biyu ne, wanda kan iya zama awa uku, kan iya zama kwana a kan benci. Idan muka jera sakamakon bincike daga mai araha zuwa mai tsada, kusan kullum sai mu ga jerin ya zama daga mai tsawo zuwa gajere. Mutum biyu za su bar unguwa ɗaya rana ɗaya zuwa wuri ɗaya, wannan ya yi la'asar a Jidda, wancan sai asubahin gobe. Mai kuɗi ya biya da naira, marar shi ya cika da lokacinsa da ƙashin bayansa.

Wani dare muna jiran wuta ta dawo, muka yi wani lissafi na wasa. Jirgi yana cin kusan kilomita 14 a minti guda. Matafiyi a ƙasa, da jaki da mata da yara, in ya yi kilomita 25 zuwa 30 a yini ya yi ƙoƙari. Ashe tafiyar yini guda ta kakanninmu minti biyu ce a jirgi, kafin ma'aikaciya ta gama zuba wa mutum shayi. In da za a bi zaren a ƙasa ba hutu, wata huɗu da rabi ya isa. Amma ba wanda ya taɓa bin sa, domin zarenmu ba ya shan ruwa. Yana ratsa Jigawa da Yobe, ya shafi kusurwar Nijar wajen Diffa, ya bi ta arewacin tafkin Chadi, sannan ya faɗa hamadar Chadi da ta arewacin Sudan. Masu tafiya da ƙafa kudu da nan suka bi, inda akwai rijiya da kasuwa: Borno, Wadai, Darfur, Alfashir, Al'ubayyid, su ƙetare Nilu, su kai Sawakin, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Kuma ba a wata huɗu suke yin ta ba. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma, a yi ɗinki, a yi ƙira, a koyar da allo, a tara na gaba. Tafiyar kan ci shekara biyu, biyar, wani har goma. Ana aure a hanya, ana haihuwa, ana binne mutane. Kowannenmu uku yana da irin wannan labari a gidansu: ƙanin kaka ko yayan kaka da ya tafi gabas, aka yi ta jira har aka daina. Da yawa sun zauna a Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'arsa har gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, mutanenmu masu niyyar hajji suka zama cikin masu noma su. Jikokinsu suna nan, suna jin Hausa, wasu ba su taɓa ganin Kano ba.

A wannan shekara dai ta 1925, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sama suka fara sauka a Kano. Guda uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango. Kwana shida suka yi, aka ce abin al'ajabi. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano suke bi, su wuce Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Janaina, Alfashir, Khartum, har Alƙahira. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga tsohuwar hanyar alhazai ce aka ɗaga sama. Jiragen farko ma sai da suka bi rijiya, tasu dai ta mai ce. Sai da injuna suka yi ƙarfi sannan aka daina sauka a hanya, Sudan ta zama wani abu mai launin ƙasa da ake hangowa ta taga, in ma ba a yi barci ba.

Mu da muka taso a zamanin nan haka muka san ta: awa guda da wani abu a tsakiyar tafiya. Sai ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da 'yan Umara suka fi yawa, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar Sudan. A cikin manhajarmu ba abin da ya motsa. Kano tana inda take, Jidda tana inda take, lissafi ya ci gaba da cewa 3,400. Amma jirage suka koma zagaye, ko ta kudu su ɓullo ta wajen Habasha, ko ta arewa ta wajen Masar. Tafiya ta ƙaru da awa biyu ko fiye, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin da za su yi jigilar alhazan shekarar suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Ba a jima ba, a watan Agusta, Nijar ma ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai su ma suka shiga zagaye.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma ba mu ji wani maniyyaci ya ƙi tafiya saboda ƙarin awa biyu ba. Abin da ya tsaya mana shi ne yadda labarin ya iso teburinmu: saƙo ne gajere daga wani mai kamfani, cewa a gyara lokacin Jidda, ya ƙaru. Gyaran bai ci minti goma ba. A makonnin nan ne kuma ɗaliban Najeriya da ke karatu a Khartum suka yi kwanaki a motocin safa da kan iyakar Masar kafin a kwaso su zuwa Abuja. Su suna da fasfo da ƙasar da za ta aika musu jirgi. Jikokin waɗanda suka tafi gabas ba su da inda za a kwaso su a kai su, don can ne gida. Wani abokin aikinmu yana da dangi a wajen Wad Madani da suke gaisawa ta WhatsApp lokaci-lokaci. Da yaƙin ya kai garin a ƙarshen shekarar, sai saƙonsa ya daina shiga. Ya yi makonni yana duba alamar nan guda ɗaya da ba ta zama biyu ba, yana kuma zaune tare da mu muna gardamar ko a rubuta awa shida da rabi ko bakwai. Daga baya ya ji muryarsu, sun koma wani gari, da ransu.

Tun daga lokacin muka sauya yadda shafin yake. Mun bar nisan a sama, tunda shi ba ya canzawa. A ƙasansa muka daina sa lamba ɗaya. Yanzu akwai lokacin da jirgi ya saba yi a 'yan makonnin da suka wuce, daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, ba wanda lissafi ya ce ya kamata ya yi ba. Akwai lokacin sauka a rubuce sau biyu, agogon Saudiyya da agogon gida, kowanne da sunansa a Hausa. Akwai kuma wani layi da muka daɗe muna ja-in-ja da masu kamfani a kansa, don sun ce zai tsorata masu saye. Layin yana gaya wa iyali cewa bayan jirgi ya sauka, fita daga filin da samun layin waya kan ɗauki awanni, saboda haka kada hankalinsu ya tashi in ba su ji kira nan take ba. Biyu daga cikin kamfanonin sun yarda an sa, ɗaya ya ce a cire, muka cire masa, tunda shagonsa ne.

A kan ƙaramar taswirar da ke ƙasan shafin ma mun yi wani ƙari da ba wanda ya nema. Da can layi ne kawai ja daga ɗigo zuwa ɗigo a kan farin fili. Yanzu mun sa sunayen garuruwan da ke tsakani da ƙananan haruffa: Maiduguri, Njamena, Abeche, Janaina, Alfashir, Al'ubayyid, Mai Wurno, Sawakin. Ba su da amfani ga mai sayen tikiti, jirginsa ba zai sauka a ko ɗaya ba. Amma in yaro ya karɓi wayar kakarsa yana wasa, ya buɗa taswirar da yatsa biyu, ya tambaya nan ina ne, akwai yiwuwar kakar ta san wani da ya tafi can.